Tambayar da Iya Ta Aika Ingila

Yayana ya dawo daga yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama da tabo a cinya da buri guda ɗaya. A can aka harbe shi, kuma da yake babu hanyar mota a dajin, wani ƙaramin jirgin sama ne ya sauka a wani fili da aka sare, aka ɗora shi a bayan matuƙin. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ya ce zafin raunin bai hana shi kallon hannuwan Baturen matuƙin da ƙafafunsa ba, har ya ga abin bai fi ƙarfin mutum ba: sanda ɗaya, abin takawa biyu, da waɗansu 'yan agoguna a gaba. Tun daga ranar ya ƙudurta sai ya koya.

Kimanin shekara goma bayan haka, a tsakiyar shekarun 1950, yana da babbar motarsa ta kansa, yana ɗaukar doya da riɗi daga Lafiya zuwa Makurdi, yana kuma da gareji a kan hanyar tashar jirgin ƙasa. Ni kuwa ina koyarwa a makarantar firamare. Shekarata ashirin da shida, ina ɗaura taye, ina ji da Turancina. Yaya yana jin Turancin soja, yana karanta sunayen kayan inji, amma ba ya iya tsara wasiƙa. Saboda haka duk abin da ya shiga tsakaninsa da ƙasashen waje ta hannuna ya bi.

Adireshin makarantun koyon tuƙin jirgin sama a jikin tsofaffin mujallu ya same su, waɗanda ake naɗo masa kayan mota a ciki daga kantin Makurdi. Ba aikin kamfanin jiragen sama yake nema ba. Lasisin mai tuƙa ƙaramin jirgi don kansa yake so. Yana da wani aboki, Batibi daga wajen Assakio, wanda suka yi soja tare, shi ne kuma direban motarsa idan aikin gareji ya riƙe shi. Suna kiran juna da muƙamansu na soja.

"Kofur, in ka koya, ina jirgin?" in ji abokin. "Ko za ka sa wa wannan tsohon mota fiffike?"

"Saja, lokacin da na koyi mota ko taya ɗaya ba ni da ita."

"To ka tashi da doya. In ka zo kan Binuwai ka jefo mini biyu."

Makarantu biyar muka rubuta wa. Ɗaya ba ta amsa ba. Ɗaya, a kudancin Afirka, ta amsa da layi biyu cewa ba ta ɗaukar irinmu. Uku suka rage. Ta Amurka ta aiko da littafi mai hotuna masu launi, tana cewa rana ba ta yankewa a garinsu. Wata babba a Ingila ta aiko da hoton ɗalibai a jere cikin kaya iri ɗaya. Ta ukun ƙarama ce, ita ma a Ingila, kusa da wani gari mai tashar jiragen ruwa. Ba ta aiko da hoto ba, sai takarda biyu da aka buga da tafireta, da sa hannun mai makarantar, wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi.

Yaya ya shimfiɗa takardun a kan bencin gareji, ya danne kowace da sifana, ya yi makonni yana sa ni ina maimaita masa su. Hotunan ba su ruɗe shi ba. Ya ce shi ma idan zai sayar da mota sai ya wanke ta. Abu uku yake son sani, kuma duka tambayoyin makanike ne: ɗalibi nawa ne a hannun malami ɗaya, ko za a bar shi ya sa hannu a injin jirgin da zai hau, da kuma yawan kwanakin da gajimare da ruwan sama ke hana tashi. Kafin nan ya je Jos likita ya duba idonsa da ƙirjinsa, ya ce lafiya lau. Kowace la'asar kuma yana zuwa ɗakina muna karatun Turanci da lissafin taswira. Abin da ya rage shi ne yardar Iya, mahaifiyarmu.

Shekararsa talatin da biyar a lokacin, yana da mata da 'ya'ya biyu, amma babu wanda ya ga abin mamaki a nan. Ban da haka, akwai dalili na gidanmu. Yaya ya shiga soja ne a ɓoye, ba tare da sallamar kowa ba. Yana can aka ɗebi mahaifinmu cikin waɗanda aka kai aikin kuza a ƙasar Jos, bai kuma dawo ba. Wani mutumin Adogi da suka tafi tare shi ya kawo labarin rasuwarsa. Iya ta tambaye shi wa ya yi masa wanka, ya ce bai sani ba. Ta tambaye shi ina kabarin, ya ce mutanen da suka mutu a watan suna da yawa. Da Yaya ya dawo ya tarar da wannan, ya yi rantsuwa ba zai sake yin nisa ba sai Iya ta ce ya je.

Mun same ta bayan sallar la'asar tana ɓare agushi a bakin ɗakinta. Mutuniyar Kwandere ce, Hausa ba ita ce harshenta na farko ba, amma ban taɓa jin ta faɗi abin da ba ta nufa ba. Yaya ya durƙusa ya yi mata bayani mai tsawo, har ya kai ga cewa jirgin sama ba ya faɗuwa kamar yadda mutane suke zato.

"Ban tambaye ka ko yana faɗuwa ba," in ji ta. "Mai kwanciya a kan tabarma ma yana mutuwa. Abin da nake tambaya, idan ranarka ta same ka a can, wa zai yi maka wanka? Wa zai sallace ka? A ina za su sa ka, kuma fuskarka ina za ta duba? Za a iya nuna wa 'ya'yanka wurin?"

Ta juyo wajena.

"Kai mai boko, ku rubuta ku tambaye su. In amsa ta zo ku karanta mini in ji da kunnena. Wadda ta amsa da kyau, can zai je, in sa masa albarka."

Yaya ya fito yana murna. A ganinsa abu ne mai sauƙi. Da Saja ya ji, ya buga cinya ya ce, "Mama ya fi ku hankali, ku duka biyu. Ku kuna tambayar inji, shi yana tambayar mutum."

Washegari bayan an tashi yara na zauna a aji na rubuta wasiƙu uku. Tambayoyin Yaya uku sun zauna daidai a Turanci. Da na zo ta huɗu sai alƙalamina ya tsaya. Na ga wata sakatariya a Ingila tana buɗe ambulan, tana karantawa da ƙarfi, ofis yana dariya: ga wani daga tsakiyar Afirka, bai ko ga jirgin ba, yana tambayar inda za a binne shi. Na tuna layi biyun da aka aiko mana daga kudancin Afirka. Na ce wa kaina tambayar za ta sa su ɗauke shi matsoraci ko ɗan ƙauye, su ƙi shi. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar shi ne, duk wanda ya karanta wasiƙar zai san wani mai ilimi ne ya rubuta ta, kuma ba na son a yi wa mai ilimin nan dariya.

Na bar ta. Da na kai wa Yaya, na karanta masa da Hausa tambaya huɗu daga takardar da ke ɗauke da uku. Ya sa hannu.

Amsoshin sun zo cikin wata guda da 'yan kwanaki, ta jirgin ƙasa, kamar sauran wasiƙun Lafiya. Ta Amurka da babbar ta Ingila sun amsa a taƙaice. Mai ƙaramar makarantar ya cika shafi uku. Ya ce ɗalibi biyu ne a hannun kowane malami, ya ce zai yi farin ciki da ɗalibin da ya san inji, har ya faɗi irin man da suke zubawa. Bai ɓoye cewa lokacin sanyi ana iya yin mako ba a tashi ba, ya ba da shawarar Yaya ya iso a farkon bazararsu. Yaya ya ce, "Wannan ba ɗan kasuwa ba ne. Wannan maigida ne." Ya zaɓa ke nan a ransa.

"Ta huɗun fa?" ya tambaya.

"Ba su ce komai ba."

"Dukansu?"

"Dukansu."

Iya ta saurari karatun har ƙarshe, ta ce wataƙila ba su lura ba, a sake tambaya. Na sami dama ta biyu, ita ma na ɓata ta. Ban bar tambayar ba a wannan karo, amma na yi mata ado har ta daina zama tata. Na rubuta cewa iyalin ɗalibin suna son sanin tanadin da makaranta ta yi idan wani haɗari ya auku. Na ji daɗin jimlar. Duka ukun suka amsa abin da na tambaya: akwai inshora, kuma idan ɗalibi ya rasu za a biya magadansa.

Wannan na fassara wa Iya shi daidai, domin babu yadda zan juya shi. Ta ajiye tiren da ke hannunta.

"To," in ji ta. "Na tambayi kabari, sun yi mini maganar diyya. Na ubanku ma ai an ce za a ba da wani abu." Ta dubi Yaya. "Ban yarda ba. Sai ran da aka amsa abin da na tambaya."

Bai yi gardama ba. A hanyarmu ta komawa gareji ya ce mini abin da ya fi ci masa rai shi ne mai ƙaramar makarantar. "Mutumin nan ya faɗa mini har man inji, amma wannan ya tsallake ta sau biyu. Akwai abin da yake ɓoyewa. Na ga inda ake ƙona gawa a Indiya. Wa ya sani ko su ma haka suke yi wa baƙo?" Ina tafe a gefensa ina ji. Na bar shi ya zargi mutumin da bai yi masa laifi ba.

Damina ta shigo. Hanyar Makurdi ta lalace, aikin gareji ya yi yawa. Yaya ya fara tsallake karatun la'asar, daga baya ya daina zuwa. Takardun ya kwashe su daga benci ya zuba a akwatin sojansa. Akwai wani jirgi da yake ratsa samaniyar Lafiya wasu ranaku da hantsi, can sama, ya nufi kudu. Idan ya ji ƙararsa yakan dakata da aiki har ta ɓace, amma ya daina fitowa daga ƙarƙashin mota don ya duba. Saja ma ya bar tsokanar fiffike. Ni kuwa kullum ina cewa gobe zan gyara, kuma kowane mako da ya wuce yana ƙara wa faɗar gaskiyar nauyi.

Wajen ƙarshen damina aka sauke wani fasinja daga jirgin ƙasa a tasharmu, wanda ya riga ya rasu a cikin tarago. Babu wanda ya san shi. Daga shigarsa da carbin da ke aljihunsa aka gane Musulmi ne, ga alama ɗan kasuwa daga arewa mai nisa. Aka kira limamin unguwarmu. Ranar kasuwa ce, maza sun watse, saboda haka aka aiko makaranta aka kira ni in taimaka. Ni na riƙa zuba ruwa liman yana wankewa. Ban taɓa yi ba kafin ranar. Na lura da yadda liman yake juya shi a hankali, yana rufe masa jiki, kamar mutumin yana da wanda zai kai wa ƙara. Farin ƙyallen da aka naɗe shi da shi daga ɗakin Iya ya fito. Ita ta aiko da shi ba tare da an roƙa ba.

Da na dawo daga maƙabarta ta kira ni.

"Kun sa shi?"

"Mun sa shi, Iya."

"Ka ɗauko takarda ka rubuta wurin. Kusa da wace bishiya, kabari na nawa daga hanya, da ranar, da kamanninsa. Ka kai wa mai tasha ya ajiye. Yana da uwa ko mata a wani gari. Wata rana wani zai sauka daga jirgi ya tambaya."

Na rubuta na kai. Washegari da safe, kafin yara su shigo aji, na rubuta wata wasiƙar zuwa ga mai ƙaramar makarantar, da sunana. Na gaya masa ni ƙanen mai neman shiga ne, ni nake rubuta wasiƙun, kuma akwai tambayar mahaifiyarmu da na ɓoye sau biyu saboda kunya. Na jera ta yadda ta faɗe ta: wa zai yi masa wanka, wa zai sallace shi, a ina za a sa shi, fuskarsa ina za ta duba, za a iya nuna wa 'ya'yansa wurin. Ban gaya wa Yaya ba. Na yi shirin idan amsa ta zo in haɗa laifin da maganinsa in miƙa a lokaci ɗaya.

Wata guda ya wuce babu amsa. A mako na shida zazzaɓi ya kama Iya. Kwana huɗu ta yi. A rana ta uku hankalinta ya dawo sosai, ta sha kunu, ta yi hira da jikokinta. Ina zaune a bakin ƙofa, na yi tunanin in gaya mata, sai na ce bari takardar ta iso tukuna, kada in tayar mata da hankali hannu wofi. Ta rasu washegari da azahar. Matan unguwa suka yi mata wanka, liman ya sallace ta, Yaya da kansa ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Kwana tara bayan haka wasiƙar ta zo.

Na sami Yaya a gareji da safe, shi da Saja, sun sauke injin motar. Na ce akwai takarda daga Ingila. Ya ce in karanta. Mai makarantar ya fara da ba da haƙurin jinkiri. Ya ce bai san amsar ba, kuma bai so ya rubuta abin da bai tabbatar ba, saboda haka ya jira ranar da ba a tashi, ya tuƙa mota zuwa garin tashar jiragen ruwa. A can ya sami Musulmi ma'aikatan jirgin ruwa, Larabawa da Somaliyawa, waɗanda suka daɗe da zama. Suna da masallaci a cikin wani gida, suna da ɓangarensu a maƙabartar garin, kaburburan suna duban alƙibla, kowane da alama. Limaminsu ya ce duk Musulmin da ya rasu a yankin nasu ne, su za su wanke shi su sallace shi, ko sun san shi ko ba su san shi ba. Baturen ya ce shi da kansa zai kira su idan hakan ta faru, zai kuma rubuto wa iyali inda aka sa shi. A ƙarshe ya ce a gaida mahaifiyarmu, a gaya mata a shekarunsa na koyar da tuƙi ba a taɓa yi masa tambayar da ta fi wannan dacewa ba.

Yaya ya goge hannunsa da tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Me ya sa sai yanzu ya amsa?"

"Sai yanzu aka tambaye shi, Yaya."

Na faɗa masa duka, daga wasiƙar farko har ta biyu. Ban rage komai ba. Bai katse ni ba, bai kuma dube ni ba. Saja ne ya fara magana.

"Kofur, hanya ya buɗe ke nan. Mama ya ce wanda ya amsa da kyau. Ga shi ya amsa. Ni ba Musulmi ba ne, amma wannan amsa ko ni na yarda."

"Cewa ta yi a karanta mata ta ji da kunnenta," in ji Yaya. "Ita za ta ce ya yi kyau. Ba ni ba, ba kai ba."

"Ai da zai ce ya yi kyau!"

"Da za ta ce. Amma ba ta ce ba. Maganarta ta ƙarshe a kan tafiyar nan ita ce ban yarda ba. Wa zai canza ta yanzu?"

Daga baya liman ma ya zaunar da shi, ya nuna masa cewa sharaɗin da ta gindaya ya cika, babu laifi a kansa idan ya tafi. Matarsa ta ce ya je. Ya saurari kowa, ya yi godiya, bai sauya ba. Ni bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, ko sau ɗaya, har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya canza kaɗan ne. A da yana kirana ƙanena. Daga ranar ya koma kirana Malam, kamar sauran mutanen gari.

Bayan sadakar arba'in ya zo ɗakina da la'asar, ya zauna a kujerar da yake zama lokacin karatu. Ya ce in ɗauko takarda, akwai bashin amsa a kanmu, mutumin ya tuƙa mota saboda mu.

"Ka ce masa mun gode. Ka ce amsarsa ta yi kyau, amma ta tarar mai tambayar ta rasu. Ka ce na zarge shi a raina, ya yafe mini. Ka ce makarantarsa na zaɓa, kuma ba zan zo ba."

Na ɗaga alƙalami ina neman yadda zan fara.

"Malam," in ji shi, "kada ka gyara."

Na rubuta yadda ya faɗa. Ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsa layi bayan layi, yana haɗa kalmomin da Turancinsa na soja, har ya kai ƙarshe. Sannan ya sa hannu, ya liƙe ambulan, ya kai gidan waya da kansa.